Wasiƙa zuwa ga Edita: A koya wa matanmu saƙar igiya yadda ya kamata

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan saƙar ulu da hannu, sana'ar da nake koyarwa a nan Jos, wadda kuma nake ganin ana yi mata riƙon sakainar kashi a yawancin cibiyoyin da aka buɗe domin koya wa mata sana'a. Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ko'ina ka duba za ka ga mata da dunƙulen ulu a cinya suna ta aikin hular jarirai da safa da 'yar rigar sanyi, to amma idan ka jera abin da suka saƙa, kusan duk iri ɗaya ne, tamkar hannu guda ne ya yi shi. Yarinya takan yi watanni tana zuwa cibiya, a yaye ta da takardar shaida, alhali abin da ta iya bai wuce ƙwarashi da miƙaƙƙiyar saƙar tsinke biyu ba. Idan ta ga suwaita mai tudun ado a gaba, wanda ya murɗe kamar tufkar igiya, sai ta ce wannan aikin inji ne ko aikin Turawa, ba nata ba. Wannan zato nake so in kawar, domin saƙar igiya ba ta fi ƙarfin duk wadda ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma ba.

Duk saƙar tsinke biyu a kan abu biyu ta ginu, wato saƙar gaba, inda ake sa tsinke ta gaban ido, wato madaukin zaren da ke kan tsinke, a jawo zare, da saƙar baya, inda ake kawo zaren gaba a fitar da shi ta baya. Wadda ta iya waɗannan biyun ta riga ta mallaki duk abin da saƙar igiya take bukata, saboda babu wani sabon ido da ake ƙirƙira a cikinta. Abin da ake yi kawai shi ne sauya wa idanu wuri: waɗanda ya kamata a fara saƙawa sai a jinkirta su, a saƙa na bayansu tukuna, sannan a dawo gare su, ta yadda rukuni ɗaya zai haye kan ɗaya.

Ga yadda nake fara koya wa ɗalibaina, kuma duk mai ulu da tsinke a gida tana iya gwadawa yau. A ɗora ido 14. A layin fuska, wato ɓangaren da adon zai fito, a yi ido 4 da saƙar baya, ido 6 da saƙar gaba, sannan ido 4 da saƙar baya. Idan an juya zuwa ɓangaren ciki, sai a bi kowane ido yadda ya bayyana, wato 4 na gaba, 6 na baya, 4 na gaba. A yi haka har layi 4. A layi na 5, bayan an gama ido huɗun farko, sai a zare ido 3 daga cikin shidan nan a ɗora su a kan wani ɗan gajeren tsinke na uku ba tare da an saƙa su ba, a bar shi yana reto a gaban aikin, a saƙa ido 3 da suke biye, sannan a ɗauko waɗanda aka ajiye a saƙa su, a ƙarasa layin. Sai a koma saƙa kamar da, a sake yin wannan hawan a layi na 11, da na 17, wato bayan kowane layi 6. Idan an ajiye idanun a gaba, igiyar za ta karkata hagu, idan kuwa a bayan aikin aka ajiye su, za ta karkata dama. Wannan ƙa'ida ɗaya ita ce mabuɗin duk adon da ake gani a kan suwaitar kanti, komai yawan sarƙaƙiyarsa.

Idanun saƙar baya da ke gefe da gefe ba don cika wuri aka sa su ba. Su ne suke lotsawa ciki su bar igiyar ta taso, kuma wadda ba ta sa su ba za ta ga adon nata ya nutse, ba ya fitowa. Shi kuwa tsinke na ukun, ana sayar da na musamman mai ɗan lanƙwasa a tsakiya don kada idanu su zame, amma rashinsa ba ya hana aiki, domin guntun fensir da aka feƙe bakinsa biyu, ko wani tsinke mai santsi wanda bai fi na saƙar kauri ba, yana wadatarwa. Abin lura shi ne kada a juya shi yayin da yake rataye, saboda idan ya juya, idanun za su zo a birkice, igiyar ta fito da ƙulli a wuya.

A wurin hawan farko ne akasarin masu koyo suke karaya. Idanun da aka ajiye sukan yi tsauri lokacin da aka dawo gare su, tsinke ya ƙi shiga, sai ka ga ɗaliba ta ciji leɓe tana turawa da ƙarfi har ido ya suɓuce, ko kuma ta hango ɗan rami a gefen murɗin ta ɗauka ta ɓata aiki, ta kama warwarewa. Tsaurin nan dole ne, tunda an ja ido uku sun tsallake wuri uku, ramin kuma yakan tsuke da kansa bayan layi biyu ko uku. Maganin tsaurin shi ne a sassauta hannu a layin da ya gabaci na hawan. Malamar da ta faɗi wannan tun kafin a fara ta ceci rabin ajinta daga tufka da warwara.

Idan hannu ya faɗa da igiya mai rassa biyu, sai a wuce zuwa mai rassa uku, kuma a nan ne matanmu suke da wata riba da ba su san suna da ita ba. Ido 9 ake raba wa gida uku, a haye na dama a kan na tsakiya, bayan layi 4 a haye na hagu a kan na tsakiya, a yi ta maimaitawa. Duk macen da ta taɓa kama gashin ƙanwarta ta yi mata kalaba ta san wannan tafiya a yatsunta, kuma na sha ganin ɗaliba ta yi shiru tana kallon aikin, can sai ta ce, “Malama, ai wannan kitso ne.” Daga ranar ba ta ƙara tambayata wane reshe ne zai hau.

Yana da kyau masu karatu su san inda wannan ado ya yi suna, saboda labarin yana da darasi ga masu shirya mana cibiyoyin sana'a. Tsibiran Aran guda uku ne a bakin gaɓar Galway, a yammacin ƙasar Ireland, wuri ne mai duwatsu da iska, wanda a da mutanensa suke fama da talauci, suka dogara da kamun kifi da ɗan noma. Masunta a gaɓar Ingila da Scotland sun daɗe suna sa matsattsiyar rigar ulu mai launin shuɗi mai duhu, wadda akan yi wa ado a ƙirji, har da ƙananan igiyoyi. A shekarar 1891 gwamnatin Birtaniya ta kafa wata hukuma domin rage talauci a yammacin Ireland, ta ƙarfafa sana'ar kamun kifi da ta saƙa, kuma masana tarihin saƙa suna ganin ta hanyar cuɗanya da masuntan waje da iyalansu ne matan Aran suka ga irin wannan riga. Sai suka ɗauke ta suka sāke mata kama: suka yi amfani da ulu mai kauri wanda ba a rina ba, mai launin madara, suka cika rigar da ado tun daga wuya har ƙasa, igiya kusa da igiya, da zanen lu'ulu'u, da mai kama da saƙar zuma. Duk wannan a farkon ƙarni na 20 ya faru, ba a zamanin da can ba.

Yadda rigar ta fita duniya ma a bayyane yake. Wata mata mai suna Muriel Gahan ta buɗe kantin sayar da kayan aikin hannu na mutanen karkara a Dublin a 1930, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ta riƙa sayo rigunan daga hannun matan tsibiran. Kamfanin ulu na Patons ya buga tsarin saƙar a takarda a shekarun 1940, mujallar Vogue ta nuna ta a shekarun 1950, sannan a 1961 mawaƙan nan 'yan Ireland da ake kira Clancy Brothers suka fito a talabijin ɗin Amurka sanye da ita, kasuwa ta buɗe har masu saƙa suka kasa biyan bukata. Amma akwai wani abu da ya faru a tsakani wanda ba a cika faɗa ba. Lokacin da aka fara fitar da rigunan zuwa ƙasashen waje, matsalar da aka ci karo da ita ba ta ado ba ce, ta awo ce, domin kowace mace da ido take aunawa, gwargwadon jikin mijinta ko ɗanta. Sai da mai fitar da kayan, Pádraig Ó Síocháin, ya sa aka kawo malama ta koya musu saƙa bisa awo tsayayye kafin cinikin ya zauna.

Akwai kuma labarin da ake yawan yaɗawa cewa kowane gida a Aran yana da nasa zanen tun kaka da kakanni, wai domin a gane gawar masunci idan teku ta cinye shi ta dawo da shi. Masu bincike, ciki har da Richard Rutt wanda ya wallafa tarihin saƙar hannu a 1987, ba su sami hujjar hakan ba. Ana danganta tushen labarin da wani wasan kwaikwayo na John Millington Synge na 1904, inda wata yarinya ta gane safar ɗan'uwanta da ya nutse ta hanyar ƙirga idanun da ita da kanta ta saƙa, kuma safa ce ba mai ado ba. 'Yan kasuwa ne suka ƙawata zancen don kaya su shiga. Na kawo wannan ne saboda irin wannan almara tana sa mai koyo ta ɗauka cewa adon gado ne na wasu mutane, alhali mata ne talakawa suka gani a jikin baƙi, suka kwaikwaya, suka ƙara nasu. Idan ma asali ake nema, daga cikin tsofaffin kayan saƙar tsinke da aka tono a duniya akwai safar auduga fara da shuɗiya daga Masar, ta tsakanin ƙarni na 11 da na 14, wasu har da adon rubutun Larabci a jikinsu.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu: wa zai sayi rigar da aka yi makonni ana saƙawa, alhali ga gwanjo jibge a kasuwar Katako, ga kuma na kamfani da ake shigowa da su da araha? Ba zan yaudari kowa ba, manyan injinan masana'anta suna yin adon igiya da kansu, kuma babu hannun da zai yi tsere da su a farashi. Su ma matan Aran ɗin, a wancan lokaci abin da yake isa hannunsu kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin da ake sayar da rigar a kanti. To amma a duba inda mai saƙar hannu take tsaye a yau. Miƙaƙƙiyar saƙa ita ce abin da ƙaramin injin saƙa na gida yake gamawa cikin ɗan lokaci, don haka wadda ba ta iya komai ba sai ita tana gasa ne a fagen da aka riga aka kayar da ita. Shi kuwa wannan ƙaramin inji ba ya murɗa igiya da kansa, sai mai shi ta tsaya ta ɗauke idanu da hannu ta sauya musu ƙugiya, layi bayan layi. Saboda haka a nan ne hannu yake da abin cewa, musamman a ƙananan kaya da ba sa cin lokaci: hula, abin ɗaura wa wuya, rigar jariri ta ranar suna, rigar makaranta mai igiya ɗaya a gaba, da kayan da aka yi wa mutum daidai jikinsa da launin da ya zaɓa, abin da dilar gwanjo ba ta bayarwa.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba, matsalar tana wajen awo, kamar yadda ta kasance a Aran. Igiya tana tsuke saƙa. Ido 6 da aka murɗa ba su kai faɗin ido 6 da aka bari a miƙe ba, don haka wadda ta ɗauki adadin idanun rigar da ta saba yi ta zuba mata igiyoyi uku ko huɗu za ta ƙare da rigar da ba ta shiga jikin mai ita, kuma za ta ga zare ya ƙare kafin ta kai hannu na biyu, tunda adon yana cin ulu fiye da miƙaƙƙiya. Hanyar kauce wa wannan ita ce a saƙa ɗan gwaji da adon a jikinsa, a wanke shi, a shimfiɗa ya bushe, a ɗora tef a ƙirga ido nawa ne suka cika santimita 10, sannan a lissafa na rigar. A kuma ƙara 'yan idanu a layin da ke bin bakin riga, daidai inda kowace igiya za ta tashi, don kada ƙasan ya baje sama ta tsuke. Ban cika ganin cibiyar da take koyar da wannan ba, kuma shi ya sa mai sayen kaya yakan ba da aiki sau ɗaya bai ƙara dawowa ba. Haka nan a sayi duk zaren da za a bukata a lokaci guda, domin launi ɗaya daga rini daban yakan bambanta, kuma sai an haɗa riga ake ganin layin.

Game da zaren kansa, abin da muke kira ulu a kasuwanninmu yawancinsa ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne na masana'anta. Yana da araha, yana jure wanki, kuma ya isa a koyi aiki da shi, amma yana da halaye biyu da ya wajaba kowace malama ta faɗa wa ɗalibanta. Na farko, idan aka ɗora masa dutsen guga mai zafi, igiyar za ta kwanta ta yi sheƙi, ba kuma za ta ƙara tashi ba har abada. Na biyu ya fi muhimmanci: idan wuta ta taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata, ga shi kuwa lokacin da ake sa wa jarirai waɗannan kaya shi ne lokacin da ake shigar da kaskon gawayi ɗaki. Ulun tumaki na gaske ba ya saurin kamawa da wuta, amma shi kuma ruwan zafi da cuɗa suna sa shi ya tsuke ya cure. Mai koyo ta zaɓi zare mai haske, mai santsi, matsakaicin kauri, da tsinke mai milimita 4 ko 5, domin a baƙin zare ko mai gashi-gashi ba ta ganin idanunta, kuma wadda ba ta ganin idanunta ba ta san abin da take yi ba.

Wannan ganin shi ne babban abin da ya ɓace a koyarwarmu. Ana koya wa ɗaliba ta haddace: yi kaza sau kaza, ba a koya mata ta kalli aikin ta karanta shi ba. Wadda ta iya karantawa, idan aka kira ta tsakiyar layi ta je ta sauke tukunya ta dawo, za ta zura tsinke a ramin hawan ƙarshe ta ƙirga zaren da ke samansa ta san ko layi nawa ta yi. Idan ta hango cewa can ƙasa ta karkatar da igiya dama maimakon hagu, ba za ta warware rigar duka ba, za ta saki idanu shidan nan kawai su sauka zuwa wurin kuskuren, ta gyara hawan, ta sake saƙo su sama da zaren da ya saku, layi bayan layi, sauran rigar na nan yadda take. Kuma za ta iya bin zanen takarda mai gidaje-gidaje, inda kowane gida yake wakiltar ido ɗaya, ana karanta layin fuska daga dama zuwa hagu, abin da ba baƙo ba ne ga duk wadda ta yi karatun allo. Irin wannan zane ba ya bukatar Turanci, kuma ko alamomin da ake gani a takardun waje, irin su C6F da C6B, ba su wuce cewa ido shida ne, a ajiye rabinsu a gaba ko a baya ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a a tsakaninmu masu sana'ar da ba zan ɓoye ba, wato rowar ilimi. Mace takan iya wani ado ta ƙi nuna wa maƙwabciyarta don kada ta ƙwace mata masu saye, har ta tsufa ido ya raunana adon ya tafi tare da ita. Su kuma bidiyon da ke intanet, duk da amfaninsu, yawancinsu da Turanci suke, suna kuma cin kuɗin data wanda mai koyo ba ta da shi.

Don haka ina kira ga ma'aikatun harkokin mata na jihohi, da ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin da suke ɗaukar nauyin cibiyoyin koyon sana'a, da su sa saƙar igiya da awo da karatun zane a cikin abin da ake koyarwa, su fara da horar da malaman kansu, kuma kada a ba ɗaliba takardar shaida sai ta saƙa abu bisa awon da aka ba ta ya fito daidai. Kai kuma, ranka ya daɗe, ina roƙon jaridarka ta ware ɗan gurbi a shafin mata, ko da sau ɗaya a wata, tun daga Satumba kafin sanyi ya shigo, ta riƙa buga zanen ado ɗaya tare da bayaninsa da Hausa da hoton abin da aka saƙa. Idan aka amince, a shirye nake in aiko da na farko, hular yaro mai igiya shida, tare da adadin idanunta na shekara ɗaya zuwa biyar.

Wassalam.

Taku mai karatu,
Malamar saƙa, daga Jos